Na Zuba Muryar Mahaifina A MP3

Edita, assalamu alaikum. A shekarun da wannan abu ya faru ni saurayi ne, direban tarakta a manyan gonakin riɗi da dawa na wajen Damazin, a ƙasar Sudan. Gidanmu yana wani ƙauyen Hausawa kusa da Hajj Abdalla, can Inna da ƙanwata suke zaune, ni kuwa sai aiki ya lafa nake leƙa su. Kaina na rawa sosai a lokacin. Larabci ya fi Hausa zama a bakina, duk abin da aka ce sabon yayi ne ni ke fara shiga da shi ƙauye, kuma ina yi wa kayan mutanen da kallon tarkacen da ya kamata a zubar. Na daɗe ina son in rubuto muku, sai in ɗauki alƙalami in ajiye. Yau dai na daure, ko Allah Zai sa wani ya tsira daga abin da ya same ni.

Mahaifinmu ya tafi Jidda neman abinci tun ina ƙarami, kuma can Allah Ya yi masa cikawa. Shi da Inna babu mai iya rubuta wasiƙa, saboda haka da kaset suke gaisawa, kamar yawancin gidajen ƙauyenmu da mazansu ke waje. Zai zauna ya ɗauki maganarsa, ya ba wani mai dawowa gida. A kunna a tsakar gida har da maƙwabta, a sha dariya, a yi ƙwalla, sannan Inna ta ɗauki amsarta a kan wannan kaset ɗin a mayar masa. Kaset ɗaya ne ke zuwa yana komawa, magana a kan magana, ba wanda ke tunanin ajiyewa tunda ana sa ran wani zai zo. Na ƙarshen ne kaɗai ya tsira, domin kafin a sami mai tafiya labarin rasuwarsa ya iso. A cikinsa ya gaida kowa da sunansa, ya tambayi lafiyar hawasha, wato gonarmu ta bakin ruwa, ya tsokani Inna kan yawan gishirin miyarta, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya sa mana albarka. Ba mu da hotonsa ko ɗaya, ba mu san kabarinsa ba. Wannan kaset shi ne abin da ya rage mana na Baba.

Kowace Juma'a bayan la'asar Inna takan shimfiɗa tabarma, ta zare kaset daga cikin tsumman da take naɗe shi, ta sa a tsohuwar rikodarta. Har amsa masa take yi. Idan ya zo kan maganar gishiri sai ta ce shi dai ba ya rabuwa da tsegumi. Amma kaset ya tsufa, murya ta fara ja kamar ta mai jin barci, kuma rikodar ta taɓa tauna zaren har sai da ƙanwata ta liƙe shi da jan farce. Duk ranar da aka kunna, gaban Inna faɗuwa yake yi.

Bayan an gama yankan riɗi wata shekara, na shiga kasuwar Damazin na ga 'yar na'urar nan ta jin waƙa da ake kira MP3, wadda ba ta fi ɗan yatsa girma ba. Mai shagon, wani mai zaƙin baki, ya nuna mini har murya tana ɗauka. Ya ce wannan ba ta da zaren da zai tsinke, ba ta tsufa, abin da aka zuba mata ya zauna ke nan har jikoki. Ya ce kuma tana da daman, wato idan ta lalace wakilin kamfani a Khartum zai gyara kyauta. Ban tsaya dogon tunani ba na saya. Da na je gida na kunna rikoda, na kara na'urar a bakin lasifika, na ɗauki maganar Baba tun daga sallama har ƙarshe. Na sa wa Inna 'yan igiyoyin a kunne. Ta zabura, ta waiga baya, ta ce wallahi kamar yana tsaye a kanta. Ranar na ji ni wani ne. Na bar mata na'urar, ƙanwata ke kai ta caji wurin mai janareta.

To, ga inda na tafka ta'asar. Mijin ƙanwata shi ma yana Jidda, ba shi da wayar kansa, sai a daɗe ba a ji daga gare shi ba. Aka sami wani mai tafiya washegari da sassafe, ƙanwata tana son ta aika masa saƙo, ga shi a lokacin sabon kaset ya fara wuya a ƙauye, an zaga kantuna ba a samu ba. Ni da bakina na ce a ɗauko na Baba, tunda muryar tana cikin MP3. Inna ta ce a'a, a bar mata kayanta. Na yi ta yi mata bayani da Larabcina na 'yan birni, na ce ajiye kaset yanzu wahalar banza ce, ko yau ko gobe zai tsinke. Da ta ƙi, sai na rantse mata da Allah cewa abin da ke cikin na'urar ba zai taɓa ɓacewa ba. Ta dube ni, ta dubi ƙanwata da ke share hawaye, ta tashi ta kwance tsumman ta miƙo. Da yatsana na danna jan maɓallin nan na ɗaukar magana, ƙanwata ta yi sallama ta fara magana.

Ba a rufa 'yan watanni ba na zo gida na tarar da Inna jugum. Na'urar ta ƙi tashi. Idan an danna sai ta kawo haske, ta tsaya cik, ta mutu. Na ce mata ƙaramin abu ne. Na koma da ita Damazin wurin mai shago, na gaya masa dalla-dalla cewa muryar mahaifina marigayi ce a ciki, babu ita a ko'ina, ni ba na'urar ce ta dame ni ba. Yana gyaɗa kai yana ciniki da wani. Na maimaita, ya ce kada in damu, wakili ya san aikinsa, ya jefa ta cikin aljihun tebur. Daga nan na shiga sintiri. Yau a ce ba a sami mai zuwa Khartum ba, gobe a ce wakili ya yi tafiya, jibi a ce ana jiran kaya. Kalmar malesh kuwa, wato a yi haƙuri, na sha ta har ta gundure ni. Ran nan ina isowa ya tare ni da fara'a, ya miƙo mini kwali sabo fil, ya ce in yi murna, sabuwa aka ba ni. Na kunna a gabansa. Babu komai a ciki sai wani ɗan kiɗa da kamfani ke sakawa na gwaji.

Allah Ya sani, ban san lokacin da na cakumi wuyan rigarsa ba, sai da maƙwabtan shago suka ɓamɓare ni. Ya ce shi bai tuna na yi wata maganar murya ba. Na matsa har ya kwatanta mini inda wakilin yake, na bar aikina na hau mota zuwa Khartum. Ofishin da nake zaton katafaren wuri ne, ashe wani ɗan ɗaki ne a saman bene, da mutum ɗaya da fanka da tarin kwalaye. Ya saurare ni yana shan shayi. Ya ce su ba sa gyara irin waɗannan, ba ta kai a buɗe ta ba, musanyawa kawai suke yi. Matattun kuwa tara su ake yi a kwali, idan ya cika masu cire kayan ciki su kwashe, kuma na lokacin tuni aka kwashe. Ya ce babu wani bayani da ya zo tare da tawa, ko da ya zo ma ba aikinsu ba ne. Ya zaro 'yar takarda daga kwalin sabuwar da aka ba ni, mai ƙananan rubutu da harshen da ban iya ba, ya ce ai a nan an faɗa cewa ba ruwan kamfani da abin da mutum ya zuba. Ya tambaye ni me ya hana ni kwafewa a kwamfuta. Ni da ban taɓa taɓa kwamfuta ba, kuma babu wanda ya ce mini ana yin haka! Na roƙe shi ya faɗa mini inda masu kwashewar suke, ya ce ba mutum ɗaya ba ne, shi ma bai san inda suke kaiwa ba. Da zan fita har cewa ya yi wasu ko musanyar ba sa samu. Na sauko na zauna a bakin titi na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Na kasa gaya wa Inna. Duk zuwan da na yi sai in ce tana wurin gyara, ita kuma ta ce Allah Ya sa a dace. Ƙanwata ta ce mini ranar Juma'a har yanzu tana shimfiɗa tabarmar, ta zauna a kai har magariba. Sai wata dabara ta faɗo mini: saƙon ƙanwata gajere ne, watakila sauran maganar Baba na nan a kan kaset. Na yi ta neman mijinta ta wayar wani abokin aikinsa har na same shi. Ya ce ai tuni ya ɗauki amsarsa a kai kamar yadda aka saba, kaset ma yana hanya. Bai san na wane ne ba, babu wanda ya gaya masa, ban ga laifinsa ba.

Ranar da kaset ya iso ina gida. Aka ɗauko tsohuwar rikoda aka sa batir. Mijin ƙanwata mutum ne mai surutu, ya cika gaba ya cika baya, tun daga tsadar haya har ciwon haƙorinsa. Ina zaune ina addu'a ya gaji ya yi shiru. Sai dab da ƙarshen zare aka ji ƙas, sannan muryar Baba ta fito. Tari ya yi, ya tambayi wani da ke ɗakin ina ne ake kashe abin nan. Shi ke nan, zare ya ƙare. Inna ta ɗago ta dube ni, ta tambaya ko na'urar za ta dawo. Na sunkuyar da kai na faɗa mata gaskiya duka. Na so ta zage ni, na so ta ɗaga hannu ta mare ni. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce a mayar mata da wurin tarin ta sake ji.

Haka ta ci gaba da yi duk Juma'a, tana mayar da ɗan guntun nan baya tana sake ji, har zaren ya tsinke a daidai wurin, liƙi ya ƙi kamawa. Daga baya takan sa ƙanwata ta faɗo mata abin da Baba ya ce a kaset, ita tana gyara mata inda ta yi kuskure. Ni ko wannan ban iya ba, domin duk shekarun da ake kunnawa ban taɓa zama na saurara da kyau ba. A ciwonta na ajali ta ce mini kalmomin duk suna nan a kanta, amma muryar ce ta fara gudu, idan ta rufe ido ta nemo ta sai ta ji ta wani. Na durƙusa na nemi gafararta. Ta ce ba ni da laifi, ai ita ce ta kwance tsumman ta miƙo da hannunta. Wallahi da ta ce ba ta yafe ba, da ya fi mini sauƙi, domin na san dalilin da ya sa ta miƙo: rantsuwata ta gaskata.

Abin da na koya shi ne, daman da mai shago ke faɗa na ƙarfe da roba ne kawai. Za su iya ba ka sabuwa, amma abin da ka zuba a ciki ba ya cikin lissafinsu, kuma wanda ka gaya wa damuwarka ba shi ne zai riƙe kayanka a can ba. 'Yan'uwana masu karatu, yanzu wayoyi ne a hannun kowa, cike da muryoyin iyaye da hotunan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Don Allah kada ku ajiye irin wannan a wuri ɗaya. Kada ku miƙa na'ura gyara kafin ku kwafe abin da ke ciki, kada ku goge tsoho don kun ga sabo na ƙyalli, kuma kada ku rantse wa tsohuwa a kan abin da ku kanku ba ku san yadda yake aiki ba. Idan ta ce a bar mata kayanta, ku bar mata. Ni ban bari ba, kuma Inna ta koma ga Allah tana neman muryar mijinta ba ta samu ba. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya yi musu addu'a su biyun.