Hannun Spasiya

Tun tana 'yar shekara bakwai Spasiya ke jera ganyen taba a zare, a wani ƙauye kusa da garin Prilep. Doguwar allura, ganye bayan ganye, daga asuba har rana ta take. Danƙon taba ya shige fatarta ya yi zamansa, hannun ya yi baƙi ƙirin, ba sabulun da bai sha kunya ba. Miji ya rasu da wuri. Da wannan hannun ta kai ɗanta Mitre jami'a a babban birni Skopje, har ya fito likitan haƙori.

Da ya ce zai yi aure, abu ɗaya ta ƙwallafa a rai. Ranar biki amarya kan sunkuya ta sumbaci hannun uwar miji a gaban jama'a. Ita ma haka ta yi wa tata surukar, yanzu layi ya zo kanta. Sati biyu tana dirzar hannun da toka da lemon tsami, har ya soma saɓulewa.

"Ke Spasiya, fata za ki sake?" in ji maƙwabciyarta Donka. "Bar shi haka nan, ai shi ya yi likitan."

"Rufe min baki, yarinyar 'yar birni ce."

Amaryar kuwa, Biljana, tun da ta sauko daga mota take yatsina, tana ɗage riga kamar ƙasar ƙauyen za ta cije ta. Aka kawo mata cuku da gurasa, ta ture da ɗan yatsa. Sai hura hanci, kai ka ce ita ta ƙera Skopje.

Lokaci ya yi, makaɗa suka tsagaita. Spasiya ta miƙa hannu. Amarya ta dube shi sheƙeƙe, ta dubi mijinta. Sai Mitre ya matso, ya zaro farar safar hannu daga aljihu, sabuwa dal a ledarta.

"Mama, sa wannan. Saboda hoto."

Rainin yarinyar bai dame ta ba, 'yar wasu ce, me ta sani? Abin da ya ƙona mata rai shi ne tun daga birni ɗanta ya sayo safar, ya taho da ita a aljihu. Ta karɓa ta sa, ta zauna mata daidai. Amarya ta sumbaci ƙyalle, aka tafa.

Shekara tara Spasiya ta yi bayan nan. In Mitre ya zo takan dafa masa wake, ta yi masa shimfiɗa, amma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sake shafa kansa ba.