Tsinken Tsintsiya a Kunnen Mama

A cocinmu na Sabon Gari akwai wani benci can baya, jikin ƙofa, wanda ba wanda ke zama a kai da son ransa. Bencin horo ne. Duk wanda dattawan ikkilisiya suka kama da laifi, nan zai riƙa zama kowace Lahadi, ba a miƙa masa Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake raba wa masu bi, sai ranar da ya tashi ya tuba a gaban jama'a. Mashaya sun zauna a kai, haka wani mai gyaran rediyo da ya lakaɗa wa matarsa duka. Mahaifiyata ma ta zauna a kai, saboda tsinken tsintsiya.

Daga Samaru muke zuwa sujada. Baba ma'aikaci ne a jami'a, kuma dattijo a coci, shi ke zagayawa da tiren Jibin Ubangiji. Biyayyarsa har ta yi yawa. In Fasto ya yi atishawa, Baba zai ce amin. Mama kuwa ita ke ba da waƙa a zumuntar mata.

Shekarar da aka kawo mana sabon Fasto, wa'azinsa ɗaya ne: muna ƙarƙashin sabon alkawari, an 'yantar da mu daga zunubi da ƙangin shari'a. Muka ji daɗi, ba mu san 'yancin yana tafe da nasa dokokin ba. Aka hana jan baki, aka hana ƙarin gashi, aka hana sarƙa da 'yan kunne. Ban taɓa ganin 'yantattun da ake bincikewa a bakin ƙofa kamar mu ba. Matarsa, wadda kowa ke kira Mama Fasto, ita ke tsayawa tana gaida mata da fara'a, idonta na kan kunnuwansu. A wurinta, alamar mace ta tsarkaka ita ce hujin kunnenta ya toshe.

Mama ta cire 'yan kunnenta ba gardama, ta ba ƙanwarta. Sai dai a gida takan karyo ɗan tsinken tsintsiya ta soka a hujin don kada ya toshe, kamar yadda matan ƙauyensu ke yi. Ranar Lahadi sai ta zare kafin mu fita. Wata Lahadi muka makara, muka tari keke mai ƙafa uku a guje, ta manta. Tana tsakiyar ba da waƙa ɗankwalinta ya zame, kuma ga Mama Fasto a bayanta.

Bayan sujada dattawa suka zauna. Manyan mutane masu furfura suka yi ta musu ko tsinke ɗan kunne ne. Wani ya ce ai ba ya ƙyalli. Wani ya ce Shaiɗan ma ba kullum yake ƙyalli ba. A ƙarshe suka yanke cewa tsinken ba ado ba ne, amma shaida ce cewa Mama ta bar wa duniya ƙofa a buɗe. Suka ce dole ta tsaya gaban ikkilisiya ta ce zuciyarta na marmarin tsohuwar rayuwa, ko ta koma bencin baya. Baba yana cikinsu.

A hanyar gida, muna matse a keke, ya ce, "Maman yara, ki faɗa kawai. Magana ce ta minti ɗaya."

Ta ce, "Baban yara, in faɗi ƙarya a cikin coci don a ce na tsarkaka? Ni ba ɗan kunne nake kwaɗayi ba. Innata ce ta huda min da hannunta, da allura da zare. Ba ta bar min komai ba sai wannan."

Ya ce umarnin shugabanni ne. Ta juya tana kallon motocin da ke wucewa.

Haka Mama ta koma bencin horo. Na ji haushi ƙwarai, har na daina amsa gaisuwar Mama Fasto. Ita kuwa Mama ta ce wurin ya fi iska. Daga can take amsa waƙa, muryarta na danne ta wadda aka ba matsayinta, kuma ba a samu dokar da ta hana hakan ba, ko da yake na tabbata an nema. Abu ɗaya ne ke cin ta, shi ne Jibin Ubangiji. Tunda aka yi mata baftisma bai taɓa wuce ta ba.

Ranar Jibin ta zo. Baba ya ɗauko tire yana bin layi-layi, ni kuma ina waiwaye. Ya iso layin da ke gaban nata ya tsaya. Na yi zaton zai ƙarasa. Mama ma ta buɗe tafin hannunta a kan cinya, ban sani ba ko sabo ne. Sai ya juya ya koma gaba da tirensa.

Da muka isa gida ba ta yi fushi ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ta ɗumama miyar kuka, ta kwashe tuwo, ta fara zuba nasa kamar kullum, ta kai masa har da ruwan wanke hannu. Ya zauna ya zura wa kwanon ido, ya kasa taɓawa.

Mama ta ce, "Ci abinka, Baban yara. A gidan nan ba a duba kunnen mutum kafin a ba shi abinci."