Tabaran da Na Kai Gangara

Mun tashi da asuba daga Gidan Rumji, ni da abokin tafiyata, da kwali cike da tabaran karatu na roba. Lokacin ana shirin zaɓen jam'iyyu na farko, tsofaffi na son ganin takardar ƙuri'a da idonsu. Kasuwa ta buɗe mini.

A Maradi muka sake mota. Kafin Agie jandarma sun tsayar da mu sau biyu, ɗaya ya gwada tabarau a madubin direba, ya manta bai cire ba. A Gazawa muka sha fura mai tsami wajen wata Bafillatana, sannan muka hau babur zuwa Gangara, yashi na neman kayar da mu.

Ranar kasuwa ce. Na baza kaya kusa da wani dattijo mai zubin tukwanen alminiyom. Ƙanensa tela ya sayi tabarau ɗaya yana murna, wai yau zai zura zare da kansa. Bai jima ba ya dawo, jini a yatsa, ya ce allura ta zama biyu.

Dattijon ya ɗauki tabarau huɗu, ya ɗaga su ga rana ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗana, duka tabonsu wuri guda yake. Wannan ba faɗuwa ba ce, mul ɗin ne ya lalace, mazubin da aka zuba su a ciki. Ka sani?"

Na sani. Wanda ya sayar mini ya yi mini bayani: akwai waɗanda ake zubawa tsakanin gilashi biyu, su fito sumul, akwai waɗanda ake matsa narkakkiyar roba cikin mul na ƙarfe. In ƙarfen ya karce, duk abin da ya fito, da tabon zai fito. Masu tabon na zaɓa don arha.

"Na sani, Baba," na ce, kaina a ƙasa.

Bai zage ni ba. Tuwo ma ya sa aka kawo mana. Na bi rumfa rumfa ina karɓo tabaraina ina ba da haƙuri. Wata tsohuwa ban same ta ba, an ce ta kama hanyar ƙauyensu, sanye da tabaran da ta saya.

Mun iso gida bayan la'asar washegari. Na gane mutanen da na raina sun fi ni sanin aiki, sun kuma fi ni kunya. Tsohuwar nan har yau ban san sunan ƙauyensu ba.