Kada Masara Ta Ji Tsoron Wuta

A duk faɗin Jidda ni kaɗai ne mutumin da idan ya wuce inda ake shafa wa bango farar ƙasa sai cikinsa ya fara kuka. Mutane na toshe hanci, ni ina haɗiyar yawu kamar an buɗe tukunyar biki. Abokan aikina sun ce aljanin gini ne ya shafe ni, wani ma ya rantse ya taɓa ganina ina lasar katanga a unguwar Bagdadiyya. Ƙarya yake yi, shinshinawa kawai na yi. Amma bari in gaya muku inda abin ya samo asali, don ba da dariya ya fara ba.

A unguwar Mahjar aka haife ni, a wani ɗaki da idan ka yi miƙa sai ka mari maƙwabci. Iyayena Hajji suka zo tare da Kaka, mahaifiyar Baba. Aka sauko daga Arfa, aka yi jifa, jirgi ya tashi, su kuma suka ce bari su ɗan huta. Cikin hutun nan aka haife ni, aka haifi ƙanwata. Babu iƙama, wato takardar izinin zama, babu kafilin da zai tsaya mana, sai Allah sai ƙafa. Baba yana dako a wata masana'antar abincin kaji can unguwar masana'antu, kuma akan bar wa 'yan dako masarar da ta zube su share su kai gida. Ran da motar kame ta tsaya a ƙofar masana'antar, buhu na kansa, bai ga hanyar gudu ba. Aka mayar da shi ƙasar da ni ban taɓa gani ba. Abin da ya bar mana shi ne buhunan masarar kaji jingine a kusurwa, da takalminsa ƙafa ɗaya da wani abokinsa ya tsinto.

Daga nan muka zama kaji. Da safe koko na masara, da rana tuwon masara, da yamma ɗumamen abin da ya rage. Kuka ta ƙare, daddawa ta ƙare, miya ta koma ruwa da gishiri da fatan alheri. Abin da Inna ke samowa daga wanki da guga mai ɗakin da muke haya ne ke cinye shi, don shi kaɗai ke iya ɗaga murya ya tona mana asiri. Kaka kuwa mace ce mai ji da kanta a kan tuwo. Ko masarar kaji ce sai ta surfa ta, ta bakace, ta wanke, ta shanya, har gari ya fito fari kamar haramin sabon alhaji. Takan ce talauci ba hujja ba ce ta cin baƙin tuwo.

Ni dai ɗan titi ne, ban dogara da tukunyar gida ba. Ina zagaya masu burodin tamis da masu dafaffen waken ful, in yi wa wannan kirari, in kwaikwayi tafiyar wancan, a jefo mini loma. Ƙanwata ce ba ta fita, saboda Inna na tsoron a ɗauke ta. Ita ce ta ci masarar nan tsantsa, wata da watanni.

Lokacin zafin nan ne da iskar teku ke manne wa mutum kamar rigar da ba ta bushe ba. Sai muka ga wuyan yarinya ya yi baƙi, zagaye, kamar an sa mata sarƙa. Bayan hannuwanta suka yi ɓawo suna tsagewa. Zawo ya kama ta ba dare ba rana. Bakinta ya yi ja, ta daina cin abinci. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ta daina yi mini dariya. Yarinyar da in na murguɗa baki kawai sai ta faɗi ƙasa, na yi mata kukan jaki, na yi tafiyar mai ɗaki da tumbinsa, na sa takalmin Baba a ka, tana kallona kamar bango. Kaka ta ce kambun baka ne. Aka karɓo rubutu, aka yi hayaƙi, aka shafa zaitun da habbatussauda. Sarƙar nan sai ƙara faɗi take yi.

Za ku ce asibiti fa. Mu ma mun san hanyarsa. Amma a kunnenmu an ce a bakin ƙofa ake tambayar takarda, kuma idan aka riƙe Inna, wa zai ciyar da tsohuwa da yara biyu a ƙasar mutane? Na ga Inna ta sa abaya ta goya yarinyar ta kai bakin titi, ta tsaya tana kallon motoci, ta juyo. Ta sake fita, ta sake juyowa. A ƙarshe ta zauna a dokin ƙofa da goyon a bayanta, ba ta shiga ba, ba ta fita ba.

Gidan da Inna ke aiki a Bagdadiyya na wani ɗan Sham ne mai sayar da yadi. Matarsa ba Balarabiya ba ce, daga Meziko ya auro ta lokacin da ya je fatauci, gajeriya mai faɗin fuska da kitso biyu har gadon baya. Larabcinta kamar an taka shi da mota. Wata rana Inna ta rasa yadda za ta yi ta tafi aiki da yarinyar, ta kwantar da ita a bayan injin wanki. Matar ta gan ta, ta ɗaga haɓarta ta dubi wuyan, ta juya hannuwan. Tambaya ɗaya ta yi: me take ci? Inna ta ce masara. Ta ce da me kuke dafa ta? Inna ta ce da ruwa mana.

Washegari da hantsi sai ga matar cikin baƙar abaya tana tsallake kwatocin Mahjar, rungume da wani abu a tsumma kamar jariri, direba na biye da ita da ƙullin wake da kabewa. Unguwa ta watse. An ɗauka kame ne ya canza salo. Wani maƙwabcinmu mai ƙiba ya haura katangar da ko kyanwa sai ta yi shawara.

Ni aka sa tafinta, don Larabcin Inna na wanki ne, na Kaka kuma na salla. Matar ta ce in je kantin Indiyawan nan masu tauna ganye in sayo nura, farar ƙasar da suke shafa wa ganyen. Na kawo. Ta ɗora tukunya, ta zuba ruwa, ta ɗebi farar ƙasa ta kaɗa har ruwan ya yi kamar nono. Da ta miƙa hannu cikin buhun masara sai Kaka ta dafe bakin buhun.

"Kai ɗan nema, me za ta yi?"

"Dafawa za ta yi, Kaka."

"Da abin shafen bango? Gaya mata jikata ba katanga ba ce."

Na juya na ce wa matar Kaka na yi mata sannu da zuwa. Ba ta yarda ba, fuskar Kaka ba ta buƙatar tafinta. Matar ta zauna a ƙasa ta yi ta magana, rabi Larabci rabi hannu. Ta ce a garinsu masara uwa ce, amma uwa ce mai rowa, tana ƙulle abincinta a ciki, ba ta sakinsa sai an dafa ta da farar ƙasa ko toka. Wanda ya ci ta haka nan kullum, ita ma sai ta ci shi, kuma daga wuya take farawa. Kakarta ce ta gaya mata, ita ma daga tata kakar. Ta ce masara ba ta tafiya ita kaɗai, da 'yan uwanta biyu ake shuka ta, da su ake cin ta, wake da kabewa. Ta ce tsofaffinsu na cewa da ƙullun masara aka yi mutum.

Wannan na fassara shi daidai, don ina son in ga abin da zai faru.

"A'uzubillahi. Da yumɓu aka yi mu. Ita dai ta sani ko da waina aka yi ta."

Kaka ba ta ɗaga hannu daga buhun ba. Inna na tsaye tsakanin surukarta da uwar ɗakinta, ba ta da bakin musa wa ko ɗaya. Ƙanwata na kwance a tabarma, ƙuda na sauka a leɓenta ba ta korarsa. Tunda nake ban taɓa jin Inna ta ɗaga wa Kaka murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Durƙusawa ta yi ta ce, "Iya, farin tuwon mun gwada shi. Ki bar ni in gwada wannan kafin in nemi likkafani."

Hannun Kaka ya sauka.

Matar ta cika tafukanta da masara. Ƙwaya ɗaya ta faɗi, ta sunkuya ta tsince ta, ta ce ba a barin ta a ƙasa, kuka take yi. Sannan ta kawo hannuwan bakinta ta hura wa masarar iska a hankali, kafin ta zuba a tukunya. Kaka ta zungure ni. Na tambaya. Matar ta ce haka uwarta ke yi, don kada masara ta ji tsoron wuta.

Kaka ta ce, "Ashe su ma suna tofi." Ta matso kusa da murhu.

Aka tafasa, aka sauke, aka bar ta ta kwana cikin ruwanta. Da safe matar ta dawo. Ta sa hannu ta murza, sai ga dusa na saluɓewa da kanta kamar tsohuwar riga. Kaka da ta ƙarar da kafaɗunta a surfe tun kafin a haifi Baba ta tsaya baki buɗe. Ta ɗauki ƙwaya ta shinshina ta ce wannan ai warin ruwan toka ne, irin wanda ake ɗiga wa miya a gida. Aka ɗauraye masarar tas, aka niƙa ta a jiƙe a kan dutsen maƙwabciya. Sai matar ta kwance tsumman nan. Wani faffaɗan kasko ne na yumɓu, baƙi ƙirin, na mahaifiyarta. Tun daga Meziko ta ɗauko shi cikin kayan sawa, kuma tunda ta zo bai hau wuta ba, don dangin mijinta shinkafa da burodi suka sani, suna yi wa kaskon dariya.

Ta gutsuri ƙullu ta fara tafa shi tsakanin tafukanta, taf, taf, taf, kamar mai yi wa amarya tafi, har ya baje ya zama siririyar waina, ta ɗora a kasko. Ƙamshin da ya tashi daga kaskon nan, ƙamshin ƙasa ne da aka yi wa yayyafin farko, haɗe da gasasshiyar masara. Na ga hawaye na bin fuskarta, hannun bai tsaya ba. Ta ce a garinsu da wannan tafin gari ke wayewa, kuma sau ɗaya a shekara har matattu ake ajiye wa nasu. Wannan ban fassara wa Kaka ba, ina da hankali.

Ta farko da ta sauka Kaka ce ta fizge ta. Ta ce, "In guba ce, ni na fi kusa da kabari." Ta tauna da 'yan haƙoranta, muna kallonta kamar masu jiran ganin wata. Ta haɗiye. Ta ce babu gishiri.

Saura mai dalili, ƙanwata. An kai mata baki ta kau da kai. An jiƙa a romon wake ta rufe ido. Inna ta koma jikin bango ta zauna, ta rufe fuska da gyale. Matar ta jawo kaskon da murhun kusa da tabarma ta ci gaba da tafinta. Taf, taf, taf. Can sai na ga idon ƙanwata ya bi hannun. Aka ɗora a kasko, aka juya, aka sake juyawa, sai abin ya kumbura ya yi tumbi. Ni kuma bakina da ba ya zama lafiya na ce, "Ga mai ɗaki ya zo karɓar haya."

Ba dariya ta yi ba, ba ta da ƙarfinta. Yatsa ta miƙo, mai ɓawon nan, ta huda tumbin, tururi ya fita. Sannan ta kai yatsan baki.

Rabi ta ci ranar. Washegari ta ci guda da wake. Matar ta kuma kawo wasu ƙwayoyi daga kantin magani, da madara, kuma na san sun yi nasu aikin, amma Kaka har ta koma ga Allah ba ta ba ƙwayoyin nan ladan komai ba. Kafin zafi ya sauka sarƙar ta fara kankaruwa. Ran da na sa takalmin Baba a ka yarinyar ta ce mini mahaukaci, Inna ta yi sujada a tsakar ɗaki.

Daga baya Kaka ta ƙwace sana'ar. Ita ke tafi da asuba, tana gaya wa matan unguwa cewa dama can a garinsu an san wannan, mantawa aka yi. Ɗan Sham ya kwashe iyalinsa suka bar Jidda ba mu san ina ba. Kaskon dai matar ta bar wa Inna, ta ce gara ya zauna inda ake hura masa wuta.

Yanzu Mahjar ɗin ta canza, ɗakinmu ya zama wurin ajiye tayoyi. Kwanaki na kwashi ƙanwata da 'ya'yanta na kai su wani gidan abincin Meziko a cikin babban kanti mai sanyi, ma'aikata sanye da malafa kamar faifan rufe rumbu. Aka kawo irin abin kaskon nan a naɗe, amma na alkama, daga leda. Ta shinshina ta ajiye ta ce mini, "Wannan bai taɓa ganin nura ba. Yalla, mu je gida."

A gida ta sauko da kaskon, ya tsage a gefe an ɗaure shi da waya. Idan ta sunkuya gyalenta ya zame, har yau akwai ɗan duhu a wuyanta, sai wanda ya sani zai gani. Ta cika tafukanta da masara ta kai baki ta hura. 'Yar autarta, wadda ke jin Hausa amma da Larabci take amsawa, ta ce, "Lesh, Mama?" Wato me ya sa.

Ta ce, "Don kada ta ji tsoron wuta."

Yarinyar ta yi dariya ta dube ni, tana jiran in ƙara gishiri kamar yadda na saba. Ni kuwa sai na sunkuya. Na miƙa hannu na tsince ƙwayar da ta faɗi.