Hausa da Safe, Turanci Bayan Tara

Makarantarmu ta Yalwawa azuzuwa uku ce kacal. 'Yan unguwa ne suka gina ta bayan Dutse ta zama babban birnin jiha, ma'aikata suka kwararo daga Kano da iyalansu. Ni aka ba shugabancinta, don ina da takardar koyarwa, ina kuma da bakin da ba ya shiru.

A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a ne iyaye suka taso mu a gaba kan harshen da za a riƙa koyar da 'ya'yansu da shi. Wasu suna son Turanci zalla don gobe yaro ya samu aikin ofis, wasu suka ce lokacin Larabci ya yi. Aka sha ja-in-ja a kwamiti, daga baya aka bar wa Islamiyyar yamma Larabci. Mu kuma aka ce mu riƙe Hausa da Turanci daidai wa daida, a koyar da lissafi da sauran darussa a cikinsu duka biyun. Abin da ya rage shi ne yadda za a raba.

Malaminmu na lissafi, wani dattijo mutumin Haɗeja, ya kawo shawarar a yi yini guda da Hausa, washegari da Turanci. Ni kuwa na riga na zana jadawalina da jan biro: Hausa daga safe har a tashi tara, in an dawo sai Turanci har a tashi gida.

Na ce, "Haba Malam, yaro ya kwana da Hausa ya tashi da Turanci, sai ka ce mai canza riga?"

Aka bushe da dariya. Bai yi fushi ba, sai ya gyara zaman hularsa ya ce, "Hajiya, ba duk yaranmu ne ke samun zuwa da safe ba."

Na ce ai don masu latti aka yi bulala. Aka sake dariya, kwamiti ya ɗauki nawa. Na koma gida ina jin daɗin kaina.

To, ni 'yar ruga ce. Karatu ne ya fito da ni, yayana kuwa ya zauna da shanun mahaifinmu a bayan duwatsu. Shekara biyu ina lallashinsa ya ba ni 'yarsa ta fari in sa ta a makaranta, sai a wannan zangon ya yarda. Sharaɗinsa ɗaya: ba za ta fito ba sai an gama tatsa, domin ita ke riƙe wa uwarta 'yan maruƙa. Na ce na ji, ban ko tsaya na auna maganar da jadawalina ba.

Shekarunta bakwai, Fulatanci kawai take ji, Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa ba. Kafin a gama tatsa, ta wanke ƙafa, ta ratso gonakin dabino ta iso, an dawo daga tara. Hausar da za ta zama mata tsani an riga an gama ta. Kullum sai ta tarar da malamar Turanci, wadda ni da kaina na hana ta furta ko kalma ɗaya ta Hausa a aji. Su huɗu ne 'yan rugar, duk a benci na baya, kuma duk haka suke wuni ana magana a kansu.

Da farko na ɗauka kunya ce irin tamu. Sai wata rana na leƙa littafinta. Ta kwafe duk abin da ke kan allo tsaf, har da wani tabo da ke jikin allon, don ba ta san wanne ne rubutu ba. Na kira ta ofis na tambaye ta da guntun Fulatancin da ya rage mini. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Goggo, yara sun ce da safe ana maganar da ake yi a kasuwa. Ni ba na riskar ta."

A ranar na san dattijon nan gaskiya ya faɗa. Gyaran kuma ba wuya gare shi ba, takarda ɗaya zan yage in zana wata. Amma sai na tara kwamiti, in tsaya gaban mutanen da suka taya ni dariya in ce na yi kuskure. Abin ya yi mini nauyi. Na ce wa kaina bari zango ya ƙare, sai a canza a hankali ba tare da surutu ba. Malamin lissafi ya sake tuna mini sau ɗaya a bakin ofis, na ce masa ina sane, cikin muryar da ta sa bai ƙara ba.

Saura mako biyu a yi hutu 'yar yayana ta daina zuwa. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci yayana ya biyo ta gidana da sandarsa a kafaɗa. Na kawo masa ruwa, ya sha kaɗan ya ajiye.

Ya ce, "Yarinyar nan ta ce in bar ta da maruƙa. Su suna jin maganarta."

Na shiga yi masa bayani, na ce laifin tsari ne, zango mai zuwa za a gyara, ya yi haƙuri ya ƙara mini wata uku. Ya bar ni na kai aya. Sannan ya dube ni ya ce, "Goggonta, da can ke ce mai riƙe wa Inna maruƙa. Yaushe ake gama tatsa?"

Na san amsar sarai, shekara goma ina yin aikin da hannuna.

Da aka dawo hutu na tara kwamiti, na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun wata biyu da suka wuce. Ba wanda ya yi mini dariya, malamin lissafi ma kallon ƙasa ya yi. Aka koma yini guda Hausa, yini guda Turanci. Sauran 'yan rugar uku suka dawo, kafin damina har sun fara ɗaga hannu a aji. Ita ba ta dawo ba. Na je rugar sau biyu, ta gaishe ni da ladabi, ta kawo mini kindirmo a ƙwarya, ta koma wajen maruƙanta.