Gwaggo Mai Goyon 'Ya'yan Coci

Tun tana budurwa Gwaggo take tsayawa a barandar coci kowace Lahadi, tana karɓar jarirai masu rigima domin iyayensu su ji wa'azi. Ita kam Allah bai ba ta haihuwa ba, amma bayanta bai taɓa hutawa ba.

Da tsufa ya zo, hannunta ya fara rawa, wata uwa ta ƙi miƙa mata jaririnta. Gwaggo ta ninke majanyinta.

Fasto, wanda shi ma ta goya, ya fito ya kama hannunta.

"Gwaggo, shigo ciki ki zauna."

Ta ce, "Ɗan nan, ai ban san wurin zamana ba."

Jama'a suka miƙe tsaye, har ya kai ta bencin gaba.