Ranar da Aka Zauna a Dakalin Gidanmu

Shekarun baya, ina aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa, zaɓe ya ƙarato. Shugaban sashenmu ya miƙo mini rikoda ya ce in shiga cikin gari in jiyo inda jama'a suka karkata, wajen masu mulki ko wajen 'yan adawa. Ni ɗan unguwar Mandawari ne a cikin garin, sai na ɗauka aikin shan ruwa ne.

Na bi majalisu ɗaya bayan ɗaya, daga lungunanmu har bakin kasuwar Kurmi. Ko'ina abu ɗaya ne. In yi sallama in yi tambaya, kowa ya juya ya kalli babban wurin. Shi zai yi magana, yawanci ƙorafin ruwan famfo da tsadar masara, sauran su ce, "Haka ne, Alhaji." Duk wanda ya ce haka ne, sai in saka shi a layin 'yan adawa.

Abokina mai sayar da yadi a Kurmi ya duba takardata ya yi dariya.

"Mutumina, kara ka ƙirgo, ba ra'ayi ba. Wa zai musa wa dattijo a gaban na'ura?"

Na ce masa tsakiyar siyasa tana inda mafi yawan mutane suka tsaya, kuma ga muryoyinsu a hannuna.

"Mafi yawa ba su tsaya ko'ina ba," in ji shi. "Waɗancan su ba su haushi da safe, waɗannan su ba su haushi da yamma. Masu ihu a rediyonku ne kaɗai suka san ɓangarensu."

Na ce ya tsaya a awon yadinsa. Ranar Talata na karanta rahoton da muryar nan tawa ta labarai: bincike ya nuna mutanen cikin gari sun juya wa masu mulki baya. Har unguwarmu na ambata.

Ranar Alhamis bayan la'asar na dawo gida na tarar da 'yan jagaliya zaune a dakalinmu, gorori jingine da bango. Mahaifiyata tana ciki ita kaɗai. Ba su ɗaga murya ba, har matsawa suka yi don in wuce. Babbansu ya ce, "Yallaɓai mai bincike, sannu da aiki. Muryoyin nan muke so mu ji, mu san su wa suka juya mana baya. Ba sauri muke ba. Hajiya ma ta aiko mana da ruwa."

A unguwa irin tamu, tari mutum zai yi a gane shi. Na san in na ba su, gobe dakalin wasu dattawa za su koma. In na hana, nan za su ci gaba da zama. Na ce rikodar tana ofis, alhali tana aljihuna, ina jin nauyinta a cinyata. Na shige banɗaki na goge komai.

Da na fito, mahaifiyata ta dube ni ta ce, "Me ka faɗa a kan mutane?"

"Abin da suka faɗa mini, Umma."

"Sun faɗa maka, ko sun fita kunyarka?"

Kwana uku suna zuwa. A na biyu na sa Umma a adaidaita sahu zuwa gidan ƙanwata a Kabuga, muka ce dubiya za ta. Ta wuce ta gabansu da mayafinta, ta amsa gaisuwarsu ɗaya bayan ɗaya, ni ina biye kamar ɗan rakiya. A na uku na shiga situdiyo na ce rahoton bai wakilci kowace unguwa ba, kuskuren nawa ne. Washegari dakali ya koma wayam.

Zaɓe ya zo ya wuce. A rumfarmu layin bai ko kai bakin masallaci ba. Akasarin masu "haka ne" suna gida.

Har yau in na ga sakamakon jin ra'ayin jama'a, ba adadin nake fara dubawa ba. Tambayata ita ce, wa ke zaune kusa da mutumin lokacin da ya ba da amsa, kuma ƙofar wa za a je in amsar ba ta yi wa wasu daɗi ba.

Mahaifiyata ta dawo bayan an rantsar da wanda ya ci. Ƙofar zaurenmu, tun zamanin mahaifina, ba a taɓa rufe ta da rana ba. Daga ranar da ta dawo har Allah ya karɓi ranta, da sakata take.